Inda Jirgin Haya Yake Kwana

Mu gidanmu ba gidan ruwa ba ne. Kakanninmu manoma ne da 'yan koli a ƙasar Bagudo, kuma har yau babu wanda ya taɓa mallakar jirgi a zuriyarmu, ko na fito ko na su. Amma duk mai noman shinkafa a fadamar Kwara, ko mai sarin albasa da busasshen kifi tsakanin Lolo da Malanbil, dole wata rana ya shiga jirgin wani. Mu huɗu ne muke wannan harka, 'yan ɗaki ɗaya biyu da 'ya'yan baffanmu biyu, kuma sau biyu ko uku a shekara mukan ɗauki hayar jirgi na kwana uku zuwa mako guda. Shekarun nan sun nuna mana cewa tuƙi shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Saurayi mai ƙarfi kan iya riƙe inji cikin kwana biyu. Wahalar takan zo ne da la'asar sakaliya, lokacin da za a yanke shawarar inda jirgin zai kwana.

Haya iri biyu ce a wajenmu. Akwai wadda ake ba ka jirgi da matuƙinsa, kai naka zama da biyan kuɗi. Akwai kuma wadda mai jirgi zai miƙa maka igiya ya koma gida, kuma ba ya yin haka sai ga wanda ya san asalinsa. Mu ta biyun muke yi, don ta fi sauƙin kuɗi, kuma don ɗaya daga cikin 'ya'yan baffanmu mahaifiyarsa Basarkiya ce, a hannun kawunnansa ya koyi ruwa. Albarkacinsa Sarkawa suke yarda da mu. Sai dai wannan yarda tana da nauyi. Jirgin katako da injin Yamaha a bayansa shi ne gonar mai shi, shi ne rumbunsa, da shi zai aurar da 'yarsa, da shi zai kai matarsa asibiti ranar haihuwa. Sau da yawa injin kaɗai ya fi katakon tsada. In ka mayar masa da igiya babu jirgi, ka rusa gida guda.

Malamanmu na fiƙihu sun yi bayanin wannan tun da daɗewa. Wanda ya ɗauki hayar abu amintacce ne, ba a ɗora masa biya in abin ya salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi yarjejeniya a kai. To a ruwa, ta yaya ake bambanta ƙaddara da sakaci? In jirgi ya ɓace da dare, dattawa ba za su tambayi ƙarfin iskar da aka yi ba, don kowa ya ji ta. Tambayarsu guda ce: a ina kuka ɗaure shi? In wurin da kowane ɗan ruwa zai ɗaure ne, sai a ce Allah ya mayar da alheri, kowa ya haƙura. In kuwa wurin da ko yaron masunci ba zai ɗaure ba ne, to za ku biya, kuma bayan biyan babu wanda zai sake miƙa muku igiya daga Lolo har Yawuri.

Abu na farko da mutumin tudu ba ya ganewa shi ne Kwara sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, ruwan da aka yi a nan kusa da wanda ƙoramu irin su Alibori da Sota suke zubowa daga arewacin Benin. Ruwa ne mai laka, shi ake kira farin ruwa, yakan kai ƙarshensa wajen watan Satumba. Shi ne ya shanye gonakin shinkafar Kebbi a 2020, har da namu. Cika ta biyu ita ce mai yaudara. Ruwan da ya sauka a duwatsun Gini yakan bazu a fadamun Masina na ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya ajiye lakarsa a can, sannan ya iso mana da hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi. Wannan shi ne baƙin ruwa. Sama babu gajimare ko ɗaya, leɓe yana tsagewa don sanyi, amma gulbi yana hawa. Baƙo zai ga tudun yashi fari tas, ya ja kan jirgi ya ɗora, ya ce ai rani ne. Yashin da ruwa yake ci ta ƙasa ba ya riƙe turke, kuma jirgin da ya taso da kansa tsakar dare ba ya sallama da kowa.

Idan ruwa yana janyewa kuma, daga Maris zuwa farkon damina, matsalar takan juye. Ka ɗaure jirgi cike da buhuna a ruwa mai kai gwiwa, ka wayi gari ka tarar ya zauna a kan laka. Jirgi mai kaya in ya zauna a wurin da ba daidai yake ba, nauyin yakan buɗe haɗin katako, sai ka ga yana yoyo ta inda jiya lafiya lau. Shi ya sa kafin mu ɗaure, ɗan baffanmu yakan soka kara a daidai bakin ruwa, mu yi alwala, mu yi salla, mu ci abinci, sannan ya koma ya duba. Ko kuma ya dubi jikin gaɓa: in akwai danshi sama da ruwa, janyewa yake yi, in busasshiyar ciyawa ce take nutsewa, hawa yake yi. Wannan ɗan karan shi yake faɗa mana tsawon igiyar da za mu bari.

Sai kuma gaɓar kanta. Duk inda gulbi ya yi gwiwa, gefen waje shi ne mai zurfi da gudu, kuma nan ruwa yake rarake ƙasa. Irin wannan gaɓa takan tsaya miƙe kamar katanga, sau da yawa da babbar bishiya a kanta mai inuwa mai daɗi. Ido yana son wurin, amma ɗan ruwa ba ya kwana a ƙarƙashinsa, don ranar da za ta zube ba ta shawara, kuma da bishiyar take tahowa. Gefen ciki ruwansa a kwance yake, sai dai yashi ne, dutsen da muke jefawa a madadin anga ba ya kama shi sosai. Abin da muke nema shi ne laka mai danƙo, a bakin wani ɗan reshen gulbi ko a bayan gungu, inda gudun ruwa ya karye. A nan gora takan shiga ta tsaya kyam. Mukan kafa biyu, ɗaya a goshi ɗaya a baya, goshin yana fuskantar inda ruwa yake fitowa. In dutse za mu jefa, mukan sakar masa igiya ninkin zurfin wurin sau da dama, don gajeriyar igiya ɗaga dutse take yi in igiyar ruwa ta taso.

Iska ma tana da ɓangarenta. A ƙasarmu hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Jirgin da ya fake a gindin gaɓar da iska take fitowa ta bayanta yana cikin rufin asiri. Wanda yake ɗaya gefen kuwa, duk faɗin gulbi iska za ta tattaro ta riƙa buga shi da gaɓa har gari ya waye. Ga kainuwa da tarin burugu da ruwa yake tsinkowa, su taho kamar ƙaramin tsibiri, su taru a kan igiya har nauyinsu ya tuge turke. Ga kututturan da ba a gani sai sun huda ciki. Ga hanyar dorina: in ka ga gaɓa ta yi santsi kamar an ja buhu, da manyan sawu, wannan ƙofar gidanta ce, ta nan take fita kiwo da dare, kuma ba ta son ta dawo ta tarar an tare mata hanya. Akwai kuma wuraren da Sarkawa suke cewa a bar wa masu wurin. Ba ma musu da su. Mun lura yawancin irin waɗannan wurare gurabe ne masu zurfi da ruwa yake juyi a cikinsu, don haka ko wane dalili mutum ya ɗauka, nesa da su ta fi.

Duk wannan ilmin ruwa ne, ana samun irinsa a kowane gulbi. Abin da ya bambanta namu shi ne iyaka. A Lolo Kwara take shigowa Nijeriya. In ka hau sama kaɗan, hagunka ƙasar Benin ce, Madekali da Malanbil, damanka kuma Dole Kaina sannan ƙasar Nijar, har Gaya. Tsakanin Benin da Nijar gulbin ne kansa iyaka, kuma sai da ƙasashen biyu suka je gaban Kotun Duniya a kan tsibiransa. A hukuncin 12 ga Yuli 2005, kotun ta ce iyakar tana bin mafi zurfin hanyar jirgi, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Ke nan gungun da ka hango ka ce bari mu fake a bayansa, yana iya zama wata ƙasa dabam da wadda ka yi niyyar kwana a cikinta, kuma babu allo a ruwa da zai gaya maka. Mutanen wurin, Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Kyangawa da mu Hausawa, auratayya ake yi ta kowane gefe, sefa da naira duk suna aljihu ɗaya. Mai kaki kuwa da takarda yake aiki, kuma aikinsa ke nan.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa lamarin zafi. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur ya koma ruwa da dare. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, mutane da kaya suka koma ƙetarawa ta jirgi. Ga kuma 'yan bindiga da suka addabi dajin arewacin Benin da wasu sassan Kebbi. Sakamakon duk wannan a kan ɗan kasuwa irinmu shi ne, jirgin da aka gani a laɓe cikin ciyawa da dare, babu fitila, nesa da gari, ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. Jami'in sintiri zai ɗauke shi na 'yan fasa-ƙwauri. Mutanen tunga za su ɗauke shi na masu leƙen asiri. Ɓarawon inji kuwa zai gode wa Allah. Wurin da ya fi kowane shiru, wanda a da shi matafiyi yake nema don ya huta, yanzu shi ne mafi haɗari.

Wata shekara da farkon damina muna dawowa daga Malanbil da albasa, rana ta yi mana gajarta. Autanmu, wanda shi ne mai riƙe da lissafi, ya nuna wani lungu mai kyau, laka ce, babu gudu, ya ce mu kwana nan mu huta da kuɗin mashigi da yawan tambaya. Ta fuskar ruwa bai yi kuskure ba. Yayanmu ya ce a'a, mu ƙarasa inda hayaƙi yake tashi. Muka ƙarasa wata tungar masunta, muka kashe inji tun daga nesa don kada farfela ta yanke musu raga, muka shiga da gora. Wani dattijo yana zaune yana ɗinkin koma. Muka yi sallama, muka durƙusa.

"Baba, baƙi ne. Dare ya yi muna, muna biɗar wurin da za mu ɗaure."

Bai dube mu ba, jirgin ya duba. "Wanga jirgi na san shi. Ɗiyan wa a ku?"

Ɗan baffanmu ya faɗi sunan kawunsa. Dattijon ya ajiye koma. "To kak ku ɗaure nan, mashigin mata na, da asuba za su taho ɗibar ruwa. Ku kai shi tsakanin nawa biyu can. Ku ciro injin ku kawo zaure."

Wajen ƙarfe biyu na dare hadari ya taso. Kafin mu gama laluben takalma, mazan tungar sun riga mu bakin ruwa da tocila. Babu wanda ya tsaya tambayar wanne ne na wa. Suka ƙara wa kowane jirgi igiya, suka sa tsofaffin tayoyi a tsakani don kada su fasa juna, wasu yara biyu suka shiga namu suna kwarfe ruwa da ƙwarya, mu kuma muna jan tamfol a kan albasa. Da gari ya waye buhu ɗaya bai jiƙe ba. Lungun da autanmu ya nuna, da muka wuce ta gabansa daga baya, yana nan lafiya lau, wataƙila da mun kwana can ma babu abin da zai faru. Bambancin shi ne a can hannu takwas ne za su tari hadarin, a nan kuwa sun fi arba'in. Kuma da wani abu ya faru, a nan muna da shaidu.

Irin wannan karamci ba kyauta ba ne, kuma bai kamata mai karatu ya ɗauka haka ba. Mun bar musu albasa da ɗan abin goro, wannan ƙarami ne. Babban biyan ya zo bayan watanni, ranar da ɗan dattijon ya kawo matarsa asibiti a Bagudo, suka sauka gidanmu kwana tara, iyayenmu mata suna kai musu abinci safe da yamma. Haka abin yake tafiya. Kowane mashigi yana da mai shi, ko Sarkin Ruwa, ko shugaban masu fito, ko dai dattijon da kowa yake jin maganarsa. In ka gaishe shi ka faɗi sunanka da na mai jirgi, ka shiga lissafin garin. In jami'ai suka zo da dare, shi zai ce baƙina ne. Autanmu har yanzu yakan yi gunaguni a kan kuɗin, yana rubutawa a littafinsa, amma ya daina nuna lungu.

Akwai wani dalili kuma da ya sa muke ɗaukar wannan magana da girma. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, tana kuma nanata a sa rigar ruwa, a daina lodi fiye da kima. Duk wanda ya tuna 26 ga Mayu 2021, ranar da jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutum fiye da 150, aka ceto ƙalilan, ya san waɗannan dokoki ba don wasa aka yi su ba. Amma mun sha ganin abin da yake sa matuƙi ya ci gaba da tafiya bayan magariba. Sau da yawa ba gaggawa ba ce, rashin sanin inda zai tsaya ne. Yana tsoron lungu, ba shi da kowa a tungar da ke gaba, sai ya ce bari in ƙarasa gida, ya shiga duhu da mata da yara da buhuna, inda ba ya ganin kututture ko ragar masunci. Mutumin da yake da masauki uku a kan hanyarsa ba ya wannan caca. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun kafin mu karɓi igiya mukan zauna mu ƙirga: in mun makara a nan, wa muke da shi, in inji ya lalace a can, gidan wa za mu tura.

Yaranmu masu tasowa suna nuna mana taswirar gulbi a waya, hoton da aka ɗauka daga sama, har tudun yashi ana gani. Abin sha'awa ne, kuma muna amfani da shi. Sai dai hoton na wata shekara ne, yashin kuwa kowace cika sai ya sauya wuri. Amfanin wayar da ya fi mana shi ne lambobin da ke cikinta. Kafin mu isa mukan kira mu ce muna tafe, a ce mana ruwa ya hau ko ya sauka, a ce mana dorina ta haihu a wuri kaza ku bi ta ɗaya gefen, ko a ce yau kada ku zo, gari ba lafiya. Wannan kalma ta ƙarshe mun fi jin ta yanzu fiye da da, kuma ita ce take damunmu. Tunga biyu da muka saba sauka, mutanensu sun kwashe sun koma kusa da manyan garuruwa saboda tsoro. Lakar wurin tana nan, reshen gulbin yana nan, iska ba ta sauya hanya ba, amma mun cire su daga lissafinmu, don babu sauran mai fitowa da tocila.

Saboda haka in wani ɗan uwa daga tudu ya zo zai ɗauki hayar jirgi a wannan yanki, ya tambaye mu shawara, ba mu cika yi masa dogon bayani a kan laka da yashi ba, don ba a koyon wannan a zaune. Mukan ce ya ɗauki jirgi da matuƙinsa in bai san ruwa ba. Ya tsaya tun rana tana sama, inda ya ga jirage a jere da hayaƙin girki. Ya san ƙasar da yake ciki, takardunsa suna jikinsa. Ya kashe inji daga nesa, ya yi sallama, ya bari a nuna masa wuri ko da ya hango wanda ya fi masa kyau. Ya kwana kusa da igiyarsa. Sannan mu ba shi sunayen mutum biyu ko uku, mu ce ya gaishe su, ya ce daga gidanmu yake. Lambobin nan su ne abin da muka tara a shekarun da muka yi muna hawa jirgin mutane, kuma ba ma ba da su sai ga wanda muka tabbata in ɗan masunci ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da dare zai buɗe.